Ɗalibin Kujerar Gaba

Tun kafin Auta ta gama rubuta kalmar da alli a allo, mutumin da ke kujerar gaba ya cire takalmi.

Warin ya bugi hancinta har sai da idonta ya kawo ruwa. Ta juyo da murmushi. Gwajin ɗaukar aiki ne a makarantar koyar da manya Turanci, kuma kowane mai nema darasi ɗaya aka ba shi: kalmar "very", ma'anarta, asalinta, da yadda ake amfani da ita. Auta ta yi kwanaki tana tono a kai. In ta faɗi yau, sai komawa shagon kawunta na abincin kaji, inda ƙaurin dusa ke bin mutum har cikin gashi.

Yayarta ce ta tsegunta mata sirrin wurin. "Auta, mai makarantar nan ba a ofis za ki samu ba, a cikin ɗalibai. Ki buɗe ido. Duk wanda ya fi ba ki wahala, shi za ki lallaɓa."

Ai kuwa ba ta sha wahalar nema ba. Direbobi da teloli da 'yan kasuwar da ke ajin duk sun san juna, suna ta tsokanar juna, amma babu mai kula wannan. Sun ma ja kujerunsu sun ba shi fili. Auta ta ce a ranta, shi ne.

Ta fara bayani. Kalmar ƙarfafawa ce, kamar yadda Bahaushe zai ce "sosai" ko "ƙwarai". Abu mai zafi daban, mai zafi sosai daban.

Mutumin ya yi gyatsa mai ƙarfi, ya ɗaga hannu.

"Malama, daga ina ta fito?"

Wannan ta tanada ne don rufe darasi, amma wa zai ce wa mai gida ya jira? Ta zazzage masa komai. Daga tsohon Faransanci Turawan Ingila suka aro ta, shi kuma daga Latin, kuma a da ma'anarta "na gaskiya" ce, kafin yawan amfani ya mayar da ita abin ƙara wa magana nauyi.

"A hankali, Malama, kaina ba ya ja. Ara mini biro."

Ta miƙa masa nata, wanda yayarta ta saya mata don yau. Ya rubuta a tafin hannu. Sannan ya zura murfin a kunne, ya juya, ya fiddo, ya duba abin da ya samo, ya shafe a gefen kujera. Auta ta bi hannunsa da kallo. Yatsunsa duk sun tsage, sun yi fari a bakin farce, irin yadda nata suke yi in ta daɗe a gaban allo. Ta kawar da kai.

Wata dattijuwa mai tabarau da ke kusa da taga ta ɗaga hannu.

"'Yata, a gaban wace irin kalma ake sa ta?"

"Ina zuwa, Mama," in ji Auta, ba ta ko kalle ta ba, domin mutumin ya fara tari. Ya kakaro majina ya tofa a hankici, ya buɗe ya leƙa, ya ninke ya ajiye a kan teburinta, dab da jakarta. Ya nuna robar ruwanta. Ta ba shi. Ya kafa baki ya sha, ya mayar mata da ita da wani ɗan abu yana yawo a ciki.

"Na gode, Malama. Maimaita mini batun Faransancin nan."

Ta maimaita. Ya nemi misalai, ta ba shi mafi kyawun da ta ɓoye. Ya tambayi kuskuren da masu koyo suka fi yi, ta faɗa masa: ba a liƙa ta kai tsaye a jikin aikatau, sifa take bi. Kowace amsa sai ya rubuta, tafin hannu ya cika ya koma damtse. Ƙyamarsa ta kai mata iya wuya, amma tana yi tana jin daɗi a ƙasan ranta. Wane ɗalibi ne zai iya jero tambayoyi a tsare haka? Gwada ta yake, kuma tana ci.

'Yan bayan aji suka fara hamma. Wani direba ya kifa kai a tebur. Dattijuwar ta sake ɗaga hannu, ta gaji ta sauke, ta cire tabarau tana gogewa.

Sakatariya ta leƙo ta ce lokaci ya cika. Auta ta tattara takardunta da yatsu biyu, tana kaucewa hankicin. Ta rusuna wa mutumin har ƙasa.

"Ranka ya daɗe, na gode da haƙuri."

Ya washe baki, da guntun nama maƙale a haƙori.

Sakatariyar ba ta ko dube shi ba. Ta wuce wurin taga ta durƙusa gaban dattijuwar.

"Hajiya, a kira mai neman aiki na gaba?"

"Ba sai an kira ba," in ji dattijuwar, tana mayar da tabarau. "Tun ɗazu yake ciki."

Mutumin ya zura takalmansa, ya duba rubutun da ke damtsensa, ya miƙe ya zare allin daga hannun Auta.