Ƙurar Tandabawi

A kiran bidiyo na ga 'yata ta kife dardumar da na ba ta a kan dusar ƙanƙara, tana jibgarta da sanda.

"Ke! Haram alaiki! Haukacewa kika yi a ƙauyen Turkawan nan?"

"Ummi, haka dangin mijina suke wanke darduma. Ba ruwa, ba sabulu. Duba!"

Ta ɗaga ta tana dariya. Launinta ya dawo sabo fil. A kan farar ƙanƙarar kuwa, ƙura ta kwanta baƙa ƙirin.

"Uban wa ya sa ki?" na daka mata tsawa.

Gidanmu na Tandabawi, nan Makka, inda na haife ta, an rushe shi bara. Ƙurarsa da ke cikin dardumar nan kaɗai ta rage mana.