Launin Rigar Isidro

"Kin kawo min hoto a cikin Word, Doña Hermelinda? Launin allo daban, na takarda daban. Sau nawa zan faɗa wa mutanen unguwar nan?"

Ta miƙa wa Don Casimiro mai shagon ɗab'i ainihin hoton daga wayarta. Kwana tara ke nan da ɓacewar ɗanta Isidro, takarda ɗari biyu take so ta manna a bangayen birnin Xalapa. Gwamnati ta ce tana nemansa, amma shiru, don haka ita ta fito nema.

Ya buga gwajin farko. Rigar yaron ta fito shuɗiya.

"Kin gani? Da wannan, ko ke da kika haife shi sai ki wuce shi a hanya."

"Ka san shi ne, Don Casimiro?"

"Ban taɓa ganinsa ba, baiwar Allah."

Ya fitar da hoton, ya yi ta gyara launin, ya sake bugawa. Rigar ta fito shunayya, daidai da yadin da ta ɗinka da hannunta. Ta rungume takardun tana sa masa albarka.

A bakin ƙofa ta buɗe hoton a wayarta. Hasken kicin ya ɓata launin tun ranar da ta ɗauka. A wayar ma rigar shuɗiya ce.

Ba ta gaya wa kowa shunayya ce ba. Sau ɗaya Isidro ya sa ta, a safiyar da ya fita.

"Doña," in ji Casimiro daga bayanta, "dawo mana, ai ba mu gama ba."