Kore ko Shuɗi

Ranar Litinin da ƙarfe goma na safe aka kwantar da autar jami'ar duba-gari a asibiti, amai da gudawa. Jami'ar ta kalli sauran gadajen, ta ga duk yaran layinsu ne, masu shan rijiyar unguwa. Ruwa ba ya tsami banza.

Ta bar yarinyar a hannun ƙanwarta ta wuce ofis, ta karɓo gwangwanaye uku na garin rinin gwaji: kore, shuɗi da ja. Aikin ba wuya: a zuba launi a ramin da ake zargi, a jira. Launin da ya ɓullo a rijiya, shi ne mai laifi, doka kuma ta ce a garƙame wurin.

Gaggawa ta sa jan ya fashe a jakarta. Ta biya gida tana tsaki, ta juye jakar a sabon banɗakin da maigidanta ya gina bara a jikin katangar baya, ta kora da ruwa, ta fice ko mayafi ba ta canza ba. Wurare biyu take zargi dama, launi biyu sun isa.

Ta zuba kore a magudanar mayanka. Shugaban mahauta ya tsaya kanta, hannu a ƙugu.

"Malama, muna yanka a nan tun kina rarrafe, ba wanda ya taɓa zawo."

"To kwantar da hankalinka, Baba. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as."

Shuɗin ta zuba a ramin banɗakin kasuwa, mai wurin yana bin ta da rantsuwa. A gaban kowa ta ce ko na waye, da hannunta za ta sa kwaɗo.

Sai jira. Ta ɗaure murfin rijiyar, ta hana ɗiba. Mata suka yi ta mita, masu sayar da ruwa suka sami kasuwa. Ita kuwa zama ya gagare ta: asibiti, rijiya, asibiti. Ta jefa guga, ta ɗaga kwalba a rana, ruwa fari tas. Aka ƙara kwantar da wasu yaran. Maigidanta ya ce, "Ki ci wani abu mana, rijiyar nan a bayanmu take, ba guduwa za ta yi ba."

Da hantsin Alhamis unguwa ta taru. Mahauta a gefe guda, 'yan kasuwa a gefe guda, kowa yana hararar ɗan'uwansa. Kwaɗon yana aljihunta. Ta saki igiya, ta ji guga ya nutse, ta fara ja.

Guga ya iso baki, aka yi ca a kansa. Ruwan ba kore ba ne, ba shuɗi ba ne. Ja ne, irin wanda ta kora a banɗakin gidanta ranar Litinin.