Gemun Inna Sailuba

Da dawowar Lurwanu gida, ko akwatinsa bai kwance ba aka ce masa likitan unguwar Treichville na neman namijin gidan. Shekarun da ya yi yana aikin jirgin ruwa sun koya masa Faransanci, don haka ya tsallaka gada daga unguwarsu ta Adjamé ya je.

Ciwon mahaifiyarsa, Inna Sailuba, ba sabo ba ne. Wani watan ta cika gida da waƙa, ta saye goron rabin Adjamé ta rabar. Wani watan ta kwanta, ko sallama ba ta amsawa. Duk wata Baturen likitan yakan ɗora ta a sikeli, ya yi mata tambayoyin gwada tunani, ya ba ta magani.

Likita ya tarbe shi. Ya ce bai taɓa ganin jikin mace irin wannan ba. Da damina ta yi ƙiba har sikeli ya yi ƙara, wata na zagayowa ta koma kamar kara. Ran nan ta lissafa kakanninta tiryan-tiryan, wani zuwan ta kasa faɗin sunan ɗanta. Har ciki ta taɓa yi, ya ɓace ba haihuwa. A zuwan ƙarshe kuwa murya ta yi kauri, ya hango gemu ta ƙarƙashin lulluɓi. Ruwan jikin da ke mai da mace mace, in ji shi, ya juye, ya tafi da hankalin. Ranar Litinin za a kai ta gidan mahaukata a tsare.

Lurwanu ya koma Adjamé yana share hawaye. Ya tarar da Inna a tsakar gida tana tankaɗe, matan haya na ta hira. Ya durƙusa yana leƙen haɓarta.

"Kai ɗan nan, me ka ajiye a wuyana?"

"Inna, likitan da ke duba ki ya ce..."

"Wane likita? In ina da ƙarfi ina zan sami lokacinsa, in ba ni da shi wa zai ɗaga ni? Ai kunya ce a bar bawan Allah yana jira. Duk wadda ba ta da aiki a gidan nan ita ke zuwa ta amsa sunana. Wancan watan duk sun tafi biki, sai Baballe mahauci ya taimaka."