Mai Tayi ta Waya

Takardar amincewar banki, cakin kafin alƙalami, fulas ɗin shayi. Su na riƙo a motar yayata Kerryn, muka nufi gwanjon wani gida a birnin Hobart, ƙasar Ostareliya.

Shekara tara ina karatu a waje, na dawo na tarar farashin gidaje ya haukace. Kerryn dillaliyar bashin gida ce, ita ta zaɓa mini ƙaramin bashi mai tsayayyen ruwa.

"Dala dubu ɗari shida, 'yar boko. Kada ki wuce."

Da muka isa ta ce, "Je ki, ina mota. Zuciyata ba za ta ɗauka ba."

Aka yi ta tayi a ƙofar gidan har ya rage daga ni sai wani da wakilinsa ke magana da shi ta waya. Na kai iyakata. Ya ƙara dubu ɗaya tak. Aka buga guduma.

Na buɗe ƙofar mota, muryar wakilin na fitowa daga wayar Kerryn: "Barka, Kerryn, gida ya zama naki."

"Ƙanwata, tsaya ki ji..."

Na ɗauki fulas ɗina, na rufe ƙofar. Ranar Litinin zan kai ƙararta hukumar da ta ba ta lasisi.