Sawun Ruwa a Matakalar Gaba

Shekara saba'in da ɗaya rabon tsohuwar da gidan nan na bakin kogi, ga shi yau sai da jikarta ta yanki tikiti kafin a bar su su shiga.

Mai kula da gidan tarihin ta fito da sauri tana ba da haƙuri. Ita ta aika wasiƙar gayyatar. Ba kullum ake ganin 'yar masu gida da ranta ba, 'yar attajirin jiragen ruwan da ya gina benen, wadda ita kaɗai ta rage bayan ambaliyar da ta ci iyayenta.

"Hajiya, ga matakala, a hankali."

Matakalar gaba ce, faffaɗa, katakonta sai sheƙi yake. Tsohuwar ta dube ta sau ɗaya, ta karkata hagu. Ta bi wani lungu da ba a nuna wa baƙi, ta sunkuyar da kai daidai inda ƙofar ɗakin wanki ta yi ƙasa, ta kama matakalar baya, ƙuntatacciya mai duhu.

"Kaka, kin bar hanyar mutane kin bi ta ɓeraye?" in ji jikar.

"Ƙafarki ce ko tawa?"

A sama, mai kula da gidan ta shiga labarin da take rera wa baƙi sau goma a yini, ta manta da wa take magana. Ruwa ya shigo da hantsi. Masu kwalekwale sun tarar da mai wankin gidan a kan rufi da yara biyu 'yan shekara shida, tsayinsu ɗaya, ɗaya da rai ɗaya babu. Ba su san fuskar 'ya'yan manya ba, hannu suka duba kamar yadda suka saba. Mai ran tana sanye da munduwar zinariya mai tambarin gidan. Mai wankin ta binne tata a bayan ɗakin wanki, idonta a bushe. Sai ranar da baffanni suka zo daga nesa suka tafi da marainiyar da ba su taɓa gani ba, aka ga mai wankin tana bin jirginsu a guje ta gaɓar kogi har ta faɗi.

"Amana ke nan," in ji mai kula da gidan.

Tsohuwar ta ci gaba da tafiya. Sun iso ƙofar ɗakin 'yar masu gida. Ta cire takalmanta a bakin ƙofa, ta daɗe a tsaye kamar mai jiran izini.

Sannan aka zo kan abin da ya sa aka kira ta. Duk damina, in kogi ya cika, masu shara sukan tarar da sawun ƙananan ƙafafu a jiƙe. Daga bayan ɗakin wanki yake tasowa, ya ratsa tsakar gida, ya hau matakalar gaba, ya tsaya cak a wannan ƙofa da ake kullewa in an tashi. A goge, gobe ya dawo. Masu shara uku sun ajiye tsintsiya. Hukumar gidan ta yanke a tone kabarin 'yar mai wankin a kai shi bayan gari, sa hannun magajiya kawai ake jira.

Mai kula da gidan ta ce, "Hassada ce, Hajiya. Tana raye ba ta isa ta hau nan ba, ta mutu kuma tana neman ɗakinki."

Tsohuwar ta shiga. Ba ta kalli 'yar tsanar ba, ba ta kalli hotunan ba. Gadon ta nufa.

"Wa ya ninke zanen nan? Ta tsawo ake fara ninkawa, sau uku, bakin ɗinki a ciki."

Ta warware shi, ta kaɗa, ta ninke cikin ƙiftawar ido. Jikar ta saki baki. Ita dai tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganin kakarta ta taɓa wanki ba.

Mai kula da gidan ta miƙo takarda da biro. Ta taga ana jin kogin yana dukan bango. Ƙasan ƙofar, inda rana ba ta kai, katakon bai gama bushewa ba.

Tsohuwar ta ture takardar da sandarta. Ta zaro wani zare daga wuyanta, ta tsinke shi da haƙori, ta ɗora ƙaramar munduwar zinariyar da ke rataye a jikinsa a kan matashi.

"Ba mai tone ta. Kuma daga yau kada a sake kulle ƙofar nan."

"Amma Hajiya, 'yar mai wanki fa..."

"'Yar mai wanki ba ta taɓa taka matakalar gaba ba, yarinya, har yau da kika ga ta bi ta baya. Uwata ce ta zare munduwar nan daga hannun gawa ta zura a nawa. Ku buɗe wa mai ɗaki ɗakinta."