Lahadin da Aka Rufe Titi a Bogota

Lahadi da safe na leƙa taga, sai na ga babban titin da ya hana ni barci tun zuwana ranar Juma'a ya yi tsit. Babu mota ko ɗaya.

A ƙauyenmu, in hanya ta yi shiru haka, masu bindiga ne suka tare ta. A irin wannan shirun ƙanena ya fita, bai dawo ba.

"Ina jikata?" na tambayi 'yata.

"Ta sauka da ubanta. Baba, zauna ka sha kofi mana."

Da silifas na sauko daga hawa na biyar, ina zagin surukina, ɗan birni marar kan gado.

An tare titin kuwa, amma wata budurwa ce da usur a baki ta tare shi. Bayanta tsofaffi da yara ne a kan kekuna, wata tana sayar da ruwan lemo.

"Duk Lahadi haka ake yi, Baba, motoci su huta," in ji surukin. "Kai da ka ce birni ba shi da abin nuna maka."

"Rufe mini baki."

Jikata ta turo kekenta. "Tsoho, riƙe mini. Babana bai iya ba."

Na kama sirdin, muka bi tsakiyar kwalta, ina haki, ina duba kowane lungu.

"To, sake ni mana, tsoho."

Yatsuna suka ƙi. Sai da muka wuce mararraba uku na buɗe hannu. Ta yi gaba tana tangaɗi cikin mutanen da ban sani ba, kowa yana kauce mata yana tafa mata.